Tsohuwar Land Cruiser ta zame da ni a gangaren laka a Uganda: laifina ne ko na motar?

Baƙon_Kigezi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota, don jiya na ga abin da ya fi ƙarfina. Wata biyu ke nan aiki ya kawo ni kudu maso yammacin Uganda, yankin Kabale da Kisoro. A wurin aiki aka ba ni wata tsohuwar Land Cruiser, doguwar nan mai benci a baya, ƙirar shekarun 1990, mai shan gas, babu komai na kwamfuta a jikinta. Babban titin Kabale zuwa Kisoro kwalta ne, ba matsala. Amma da ka ratse ka nufi ƙauyukan gefen dajin Bwindi, sai jar ƙasa, hawa da gangara, kwana kan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan.

Jiya da la'asar muna dawowa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tun kafin gangaren na ja ƙaramin sandan giya zuwa 4H, wato inda tayoyi huɗu duka ke jan mota, na sa lamba biyu. Muna cikin gangarawa na ji tana ƙara gudu, sai na taka kuloci da birki tare. Wallahi sai ga bayan motar yana zagayowa kamar zai riga gaban isa ƙasa. Duk inda na murɗa sitiyari ba ta ji. Allah ya rufa asiri ta yi ɓangaren dutse, tayar baya ta faɗa lambatu ta tsaya. Da ɗaya ɓangaren ta yi, da ba ni ke wannan rubutu ba.

Shekara 14 ina tuƙi ban taɓa gogar kowa ba. Laifina ne ko na motar? In matsa musu su ba ni sabuwa?

Maman_Tagwaye:
Innalillahi. Barka da arziki ɗan'uwa, Allah ya ƙara tsarewa.

Tsohon_Direba:
Barka da tsira ɗana. Kada ranka ya ɓaci, amma ƙafarka ta hagu ce ta so halaka ka. Wanda ya taka kuloci a gangara ya raba injin da tayoyi, motar ta zama amalanke mai nauyin tan biyu da wani abu. Ka kuma ɗora birki a kai, tayoyin suka daskare. Tayar da ba ta juyawa ba ta jin sitiyari, zamiya kawai take yi. A laka injin ne birkinka. Ka tsaya cak a saman gangaren, ka sa 4L, wato giyar taya huɗu mai ƙarfi da tafiya a hankali, ka sa lamba ɗaya, ka sauke ƙafafunka biyu a ƙasa, ka bar ta ta sauka tana gurnani.

Injiniya_Sifana:
Maganar Baba haka take, amma ina da tambaya ɗaya kafin a ci gaba. Malam Baƙo, ka sauka ka murɗa makullan da ke tsakiyar tayoyin gaba kuwa? Yawancin irin motarka suna da su, wani ɗan maɓalli mai kibiya, gefe ɗaya an rubuta FREE, ɗayan LOCK.

Baƙon_Kigezi:
Injiniya, ban ma san da su ba. Na ɗauka jan sandan nan shi ke nan. Bari gari ya waye in duba.

Ɗan_Kasada:
Ku dai kuna son tsawaita magana. Laka wuta take so. Ka ba ta totur ka wuce, wanda ya tsaya lallaɓa shi ke kwana a daji. Ni ban taɓa maƙalewa ba.

Tsohon_Direba:
A shimfiɗaɗɗiyar hanya ka yi naka tuƙin, yaro. A can in ka ba ta wuta ta kauce, gona za ka faɗa. Nan ana maganar wurin da in ta kauce sai an sa igiya a ɗauko ka.

Ɗan_Kasada:
To Baba, a hawa fa? Lamba ɗaya za ka sa kana rarrafe?

Tsohon_Direba:
A hawa kana da 'yar gaskiya, ban hana ka ba. Ana son mota ta zo da ɗan ƙarfinta tun daga ƙasa, 4L lamba biyu ko uku, totur daidai wa daida, kada ka canza giya a tsakiya. In tayoyi suka fara juyawa a banza, ka ɗan sassauta ƙafa, ka rinƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kaɗan kaɗan don gefen haƙoran taya ya samu abin kamawa. In ta ƙi, ta ƙi. Kada ka kuskura ka ce za ka juya mota a jikin tudu, nan take kifewa. Riƙe birki, sa ribas, saki kuloci, ka koma da baya a miƙe ta sawun da ka hau. Ribas ɗin zai riƙe ta kamar yadda lamba ɗaya ke riƙewa. Kuma ka fitar da manyan yatsunka daga cikin sitiyari, in taya ta daki dutse ya fizge, sai ya targaɗa su.

Mai_Niva:
Salam. Ni a Jojiya nake karatu, ta yankin Kokasas, ba ta Amurka ba. Da bazara muka hau hanyar Tusheti, wadda ke bi ta mashigar Abano, sama da mita 2,800. Hanyar ma 'yan watanni kawai take buɗewa a shekara saboda ƙanƙara. Da Lada Niva muka je, wadda aka fara ƙerawa tun 1977 kuma har yau siffarta ba ta canza sosai ba. Ita tayoyinta huɗu kullum a haɗe suke, babu sauka murɗa komai. Abin da na lura shi ne rashin nauyinta ya taimake ta, inda manyan motoci ke nutsewa ita sai ta bi ta kai. Ina ganin da za a ba ka ƙaramar mota da ya fi maka wannan katafila.

Injiniya_Sifana:
Mai_Niva, rashin nauyi yana da rana, ban musa ba. Amma ka tuna sawun da ke kan hanya manyan motoci ne suka haƙa shi. Ƙaramar mota tazarar tayoyinta ba ta kai ba, taya ɗaya a sawu ɗaya a kan ƙunya, ga ciki yana gogar ƙasa. Kuma shi bawan Allahn nan mutane da kaya yake ɗauka.

Shiru_Kake_Ji:
Ni dai karatu nake. Tudun da na fi sani shi ne na shiga gareji.

Maman_Tagwaye:
Ku maza duk kun dulmiya cikin giya da ƙarafa, ba wanda ya yi tambayar da ta dace: me ya sa kake tuƙa kanka? Na yi shekara biyu ina aikin lafiya a tsaunukan Habasha. Daminarsu babba tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, kuma ban taɓa riƙe sitiyari a can ba ko da wasa. Direbanmu ɗan yankin ne. Wata rana muka iso wani gangare, rana ta fito, hanya ta yi kyau a idona. Ya kashe mota ya sauka, ya taka da ƙafa har ƙasa, ya dawo takalminsa ya yi tsini da laka kamar an ɗaura masa bulo. Ya ce sai mun jira awa biyu. Na yi ta mita, ga magani a akwatin sanyi, ga mutane suna jira. Bai ko kalle ni ba. Saman ƙasar ne ya bushe, ƙarƙashinta kamar sabulu. Muna nan zaune wata babbar mota ta zo ta wuce mu, muka tarar da ita a kwana ta biyu ta tokare da dutse. Da ɗan gari akan ci gari, ɗan'uwa. Ka nemi su ba ka direba, ba sabuwar mota ba.

Baƙon_Kigezi:
Hajiya, akwai direba, amma mu uku muke rabonsa, ranar ba ni ke da shi ba. Kuma gaskiya akwai ɗan girman kai, kada a ce baƙo ya kasa. Ga shi a nan hannun hagu ake tuƙi, sitiyari a dama, da hannun hagu nake canza giya. Da abin ya rikice, hannuna na dama ƙofa ya je ya dafe yana neman giya.

Dogon_Zango:
Hahaha, wannan ta same ni a Afirka ta Kudu, na yi sati ina kunna waifa in zan ba da sigina. Kuma ka kula, in ka tsallaka Ruwanda daga nan inda kake, hannun dama za ka koma.

Ni abin da zan ƙara shi ne birki. Na sauko mashigar Sani, wadda ta haɗa Lesoto da lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, samanta mita 2,876. Motar haya ce tsohuwa, kuma ban san komai ba lokacin, na ɗora ƙafa a birki tun daga sama. Kafin mu gama kwanonin nan na farko sai wari kamar ana ƙona roba, birkin ya yi laushi, na taka ya tafi har ƙasa. Sai da na yi ta famfo kafin ya ɗan kama. Muka tsaya muka jira ya huce, gwiwoyina suna kaɗawa. Daga baya makaniki ya zuƙo man birkin ya nuna mini, baƙi ƙirin kamar shayin da aka manta a wuta.

Injiniya_Sifana:
Abin da ya faru da kai, Dogo, man birkin ne ya tafasa. Shi wannan mai yana shan danshin iska a hankali. Sabon man birki nau'in DOT 4 sai zafi ya kai digiri 230 a ma'aunin Celsius yake tafasa, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. DOT 3 kuwa daga 205 zuwa 140. Da ya tafasa sai tururi ya shiga bututun, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, shi ya sa ƙafa ke tafiya har ƙasa. Wannan ne dalilin da ake cewa a canza shi duk shekara biyu. Tsohuwar motar da ta yi ta yawo hannu zuwa hannu a ƙasa mai ruwa, wa ya san rabonta da sabon mai? Malam Baƙo, ka sa a duba naka.

Baƙon_Kigezi:
Jama'a na dawo. Da asuba na fita da tocila. Na goge lakar da ta rufe tsakiyar tayoyin da yatsa. Ta dama kibiyar tana kan LOCK, ta hagu tana kan FREE. Ke nan da taya uku nake tafiya?

Injiniya_Sifana:
Ina fa uku. Biyu. Akwai difarenshal tsakanin tayoyin gaba, shi kuwa ɗabi'arsa ita ce ya tura juyi zuwa ɓangaren da ya fi sauƙi. Da ka bar gefe ɗaya a buɗe, duk ƙarfin can yake tafiya, ƙarfen ciki ya yi ta juyawa shi kaɗai bai taɓa taya ba. Ka ga ashe tun da aka ba ka motar da tayoyin baya kawai kake yawo. Ko da ba ka taka kuloci ba, injin tayoyin baya kaɗai zai riƙe, kuma a gangara nauyi gaba yake komawa, bayan ya yi sakayau. Shi ya sa ya zagayo.

Ka kulle duka biyun tun kafin ka bar kwalta, kada ka bari sai ka shiga taɓo har gwiwa. Barin su a kulle kana 2H, wato tayoyin baya kawai ke jan mota, ba ya ɓata komai, ɗan mai kawai za ta ƙara sha. Abin da ba a so shi ne 4H ko 4L a kan busasshiyar kwalta, don irin motarka ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya, a kwana sai ƙarafan su ɗaure, har wani abu ya karye.

Maman_Tagwaye:
Kun gani? Da direban ne da tuni ya san wannan.

Shiru_Kake_Ji:
Hajiya ba za ta bari a huta ba.

Ɗan_Kasada:
To ai ga amsar nan. Tsohuwar mota wahala ce. Sababbin yanzu maɓalli ɗaya za ka danna ta sauko da kai gangara da kanta, ga birkin ABS da ba ya barin taya ta daskare. Ku daina yabon tsoffin ƙarafa.

Tsohon_Direba:
Maɓallin yana da daɗi ranar da yake aiki. Ranar da laka ta cika wayoyin, fitilu suka kunno a gabanka kamar kasuwar dare, wa zai gyara maka a ƙauyen da ba lantarki? Wannan tasa kowane makanikin bakin hanya zai buɗe ta da sifana. Da tsohuwar zuma ake magani.

Dogon_Zango:
Baba a gafarce ni, amma a nan zan ɗan bambanta da kai. Tsufa ba daraja ba ne in ba a kula da mota ba. Wadda ta kusa kashe ni ma ai tsohuwa ce. Kuma in dai za a kife, na fi son in kasance cikin sabuwa mai jakar iska da ƙaƙƙarfan rufi, a kan in zauna a bencin baya a karkace ba bel.

Tsohon_Direba:
Maganar benci gaskiya ce, ban da ta cewa a kanta.

Injiniya_Sifana:
Ni abin da zan ce game da injin: in 1HZ ne, wanda ya fito a 1990, lita 4.2, silinda shida, ba shi da tarbo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska. Injin da ba tarbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da ka hau, saboda iska ta yi ƙaranci. Kabale tana wajen mita 2,000, ke nan kusan kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. In ka ga tana baƙin hayaƙi a hawa tana nishi, ba lalacewa ta yi ba, kuma ƙara taka totur ba zai ƙara komai ba sai hayaƙin da zafi. Sauke giya kawai.

Sai kuma lagireto. Jar lakar nan in ta fantsama ta bushe a jikinsa, ta toshe ramukan iska, sai allurar zafi ta fara hawa. A wanke shi ta baya da ruwa marar ƙarfi. Kada ka buɗe murfinsa da zafi.

Mai_Niva:
Ba wanda ya yi maganar iskar taya. Mu a can mun rage ta sosai, motar ta kama ƙasa kamar ƙadangare.

Tsohon_Direba:
Ya danganta da lakar. In santsi ne a sama, ƙasa mai tauri a ƙarƙashi, siririyar taya mai iskarta ta fi, tana yanka lakar ta tarar da tauri. In taɓo ne mai zurfi marar gindi, nan ake rage iska don taya ta baje. Ni dai a jar ƙasar tsauni ban ga abin da ya kai sarƙar da ake ɗaura wa taya ba. Mutane sun ɗauka ta ƙanƙara ce kawai.

Injiniya_Sifana:
Ni ina ragewa ko a santsi, Baba, amma kaɗan, wajen 22 zuwa 25 a ma'aunin psi, don taya mai laushi ta fi zubar da lakar da ta cika mata haƙora. Sai dai ya fara duba irin tayarsa. Da yawa cikin waɗannan motoci siraran tayoyi ne masu tib. In iska ta yi ƙasa sosai taya tana iya zamewa a jikin rim ta tsinke bakin tib ɗin. Kuma wanda ba shi da famfo kada ya rage, don komawa kwalta da taya a saɓule wani hatsarin ne. Ka duba gefen tayar kuma, akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Uban_Tafiya:
Na shigo a makare. Wani gefe da ba a taɓo ba shi ne takardu. Ka tabbata lasisinka yana aiki a can, ko kana da na ƙasa da ƙasa, kuma sunanka yana cikin waɗanda inshorar motar ta sani. Ni na taɓa hayar mota a wata ƙasa, dutse ya fasa mini ƙarƙashinta. Da na mayar sai suka zaro takardar da na sa wa hannu ban karanta ba, ashe taya da gilashi da ƙarƙashin mota duk ba sa cikin inshorar. Aljihuna ne ya ji a jikinsa.

Kuma ranar da ka maƙale mutanen ƙauye suka zo taimako, kada ka yarda a ɗaura igiya a bamba ko a ƙwallon nan na jan tirela. In ya ɓalle harsashi ne. Akwai ƙugiyar da aka ɗaure a jikin shasi, nan ake sawa, kowa kuma ya ja baya nesa da igiyar, musamman yara. Ku yi maganar abin da za ka ba su tun kafin a fara turi.

Baƙon_Kigezi:
Ai ranar su suka fitar da mu, da fartanya da ganyen ayaba da duwatsu. Wani dattijo ya tsaya a gaba yana ba ni umarni da hannu, ba na jin yarensa ba ya jin nawa, amma mun fahimci juna sarai.

Maman_Tagwaye:
Ka kuma sa ido a kan dutsen da ke samanka, ba hanyar kawai ba. Ƙasar tsauni in ta sha ruwa kwana da kwanaki zaftarewa take yi. A Uganda ɗin nan a watan Maris na 2010 ƙasa ta rufta wa ƙauyuka a Bududa, a jikin tsaunin Elgon, mutane da yawa suka rasu. In ka ga ruwan laka yana tsiyayowa daga jikin bango, ko ƙananan duwatsu suna gangarowa, ba wurin tsayawa ɗaukar hoto ba ne. Kuma ka rinƙa fita da sassafe ka dawo kafin hadarin yamma ya haɗo.

Dogon_Zango:
Baba, mu koma maganar farko. Ka ce lamba ɗaya a 4L. Wani ya gaya mini in santsin ya yi yawa lamba ɗaya ma tana sa mota zamiya.

Tsohon_Direba:
Bai yi ƙarya ba. In injin ya riƙe tayoyin fiye da yadda ƙasa za ta iya riƙe su, motar sai ta fi tayoyinta gudu, kamar dai ka taka birki. A irin wannan lamba biyu ta fi. In kuma ta fara zamewa, abin da zuciyarka ba za ta so ba shi za ka yi: ka miƙar da hancinta ƙasa, ka ɗan taɓa totur har tayoyin su kamo gudun motar. Faɗarsa a nan ba wuya. Ni sai da na yi shekaru kafin ƙafata ta yarda.

Ɗan_Kasada:
Alhamdulillahi, Baba da kansa ya ce a ba ta wuta.

Tsohon_Direba:
Na ce a taɓa, ban ce a take ba.

Baƙon_Kigezi:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Yau direban namu ya kai ni wani ɗan gangare marar rami a bayan gari, muka kulle tayoyin gaba, na sauka sau shida. Sau biyu ƙafata ta tafi kuloci da kanta, yana dukan cinyata. Man birki an ce sai Litinin. Tayoyin baya kuwa lambarsu ta nuna sun shekara tara, na rubuta a canza, ban san ko za a amince ba. Maganar sabuwar mota na ajiye ta tukuna.

Maman_Tagwaye:
Maganar direba fa?

Baƙon_Kigezi:
Hajiya, ranar Alhamis ba ni ke da shi ba, kuma dole in je.

Mai_Niva:
Baba, sarƙar nan a tayoyin gaba ake sawa ko na baya, in guda biyu kawai mutum ya samu?